Askar kakana ta tsage a mariƙi: in liƙe ko in yi mata sabo?

"Assalamu alaikum, Baba. Kakana wanzami ne a Marwa, bara Allah ya yi masa rasuwa. A cikin zabirarsa na sami wata aska mai naɗewa, an rubuta Solingen a wuyanta. Mariƙin ruwan zuma ne, haske na ratsa shi, ya tsage daidai wurin ƙusa, kuma yana wani wari mai tsami. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne tsatsa ta ci rabin askar da ke shiga cikin mariƙin, bayanta kuwa fes. In sa sufa-gulu in liƙe, ko in yi mata sabo? Wani abokina ya ce zai samo mini guntun hauren giwa. Ina so in riƙa aski da ita."

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan kakanka, ya sa Aljanna ce makomarsa. Tambayarka uku ce a dunƙule: me ke cin askar, ko mariƙin zai gyaru, in kuma ba zai gyaru ba da me za a maye gurbinsa. Kafin mu shiga ko ɗaya, akwai abin da nake so ka yi yau ɗin nan, kada ka bari sai gobe. Fitar da askar daga zabira, ka raba ta da almakashi da hantsaki da sauran ƙarafan tsohon, ka buɗe ta, ka ajiye ta a buɗe a inda iska ke ratsawa, nesa da wuta, inda hannun yara ba ya kaiwa. Dalilin yana tafe.

Abin da ke cin askar

Na fi shekara ashirin ina gyaran asake da wuƙaƙe a zauren gidana a nan Garwa, kuma alamomin nan uku da ka lissafa, in suka haɗu, kusan kullum abu ɗaya suke nufi. Mariƙin nan ba ƙaho ba ne, ba kuma ƙoƙon kunkuru ba ne, ko da ya yi kama da shi. Wata tsohuwar roba ce da ake kira seluloyid. Wani Ba'amurke mai suna John Wesley Hyatt ne ya yi rajistar hanyar yin ta a 1870, lokacin da ake neman abin da zai tsaya a madadin hauren giwa. Ana yin ta ne da auduga, irin wadda muke nomawa a nan, a jiƙa ta da wani ruwan asid mai ƙarfi, sannan a kwaɓa da kafur. Tana karɓar kowane launi, tana kwaikwayon haure da ƙaho da ƙoƙon kunkuru, shi ya sa masu ƙera aska a Turai suka rungume ta shekaru da yawa.

Matsalarta ita ce tana ruɓewa in ta tsufa. Kafur ɗin yana ficewa a hankali, robar ta ƙanƙance, ta bushe, ta tsage a inda ƙusa ta riƙe ta, sannan ta fara fitar da tururin asid ɗin da aka yi ta da shi. Warin da kake ji ke nan. Tururin kuwa ƙarfen da ya fi kusa da shi yake fara ci, wato rabin askar da ke kwance tsakanin ɓarin mariƙin biyu. Tsatsar damshi ba ta zaɓen wuri, ko'ina take ɗiga. Tsatsar da ta tsaya cak a kan layin mariƙi, kamar an ja mata iyaka da alƙalami, ta seluloyid ce. Duba ƙusoshin ma, za ka iya ganin sun yi kore. Zafi yana hanzarta ruɓewar, rufaffen wuri yana tara tururin. To ka auna zabirar fata a rataye cikin ɗakin kwano a Marwa a watan Afrilu. Irin mai ratsa haske ɗin nan, a abin da ya ratsa ta hannuna, ita ta fi saurin lalacewa.

In kana so ka tabbatar, goga wani wuri mai lafiya a jikin mariƙin da ƙyalle har ya ɗau ɗumi, ka shinshina. Seluloyid tana ƙamshin kafur, irin na man shafawar mura. Ƙaho in an kankare shi warin ƙonannen gashi yake yi. Kada ka yarda wani ya ce maka a gwada da allura mai zafi. Robar nan 'yar'uwar albarushi ce, wuta take kamawa nan take, kuma ba ta kashuwa da sauƙi.

Saboda haka amsar tambayarka ta biyu a'a ce. Ni mutum ne mai son barin tsohon mariƙi a kan askarsa. In ƙaho ne ko ƙashi ya tsage, sai in wanke tsagar, in ɗura gam, in matse, wani lokaci in lulluɓe cikin da siririn falle don ya ƙara ƙarfi, askar ta koma hannun mai ita da kamanninta na da. Amma seluloyid da ta fara ruɓewa ba ta da magani. Gam zai rufe tsagar, ba zai hana tururin fita ba, kuma in ka bar ta shekara guda bakin askar zai zama kamar gara ta ci shi. Mariƙin ya gama aikinsa. Ƙarfen ne gadon.

Game da rubutun wuyan: Solingen gari ne a Jamus da ya shahara da ƙera wuƙa da almakashi da aska, kamar Shefil a Ingila da Thiers a Faransa. Mutane da yawa in sun ga sunan sai su ce ai tun zamanin mulkin Jamusawa a Kamaru ce, wato kafin 1916. Ba lalle ba ne. An ci gaba da shigo da asaken Solingen shekaru da dama bayan haka, ta hannun fatake da alhazai da kantunan Turawa. In ka ga an rubuta W. Germany, to tsakanin raba Jamus a 1949 da haɗewarta a 1990 aka yi ta. Ka ɗauki hoton rubutun kafin ka fara goge tsatsa, don samfefa tana tafiya da shi.

Aikin da mariƙi ke yi

Yawancin waɗanda suka fara wannan aiki suna ɗaukar mariƙin aska kamar ƙotar wuƙa, abu mai kauri da za a damƙa. A nan ake fara ɓata aiki. Lura da yadda wanzami ke riƙe aska mai naɗewa: yatsunsa suna kan wuyan ƙarfen da wutsiyarsa, mariƙin yana tsaye sama tsakanin yatsu, ba shi ake damƙa ba. Aikinsa na farko kube ne, ya ɓoye kaifi in an naɗe. Na biyu ya daidaita nauyi, yadda askar ba za ta rinjayi hannu ba. Na uku, wanda ba a gani da ido, shi ne ya yi ɗan lanƙwasa kamar baka ya matse wuyan askar, ta tsaya duk inda ka buɗe ta.

Wannan matsin daga wani ɗan guntu yake fitowa, wanda ke tsakanin ɓarin biyu a can ƙarshe, ni ɗan tsakiya nake ce masa. Ba shafaffe ba ne, gefensa da ke duban aska ya fi kauri, na waje ya fi siranta. Saboda haka in ka ɗaure ɓarin biyu a kansa, sai ɗaya ƙarshen ya buɗe kamar bakin almakashi. Da ka matso su ka ɗaure a wuyan aska, sai su yi ciki a tsakiya, su bar wa ƙarfen hanya, su kuma riƙe shi. Ke nan dole abin da za ka yi mariƙin da shi ya zama siriri, wajen milimita 2.5 zuwa 3, ya kuma iya lanƙwasa ba tare da ya karye ba. Wannan sharaɗin shi ke tace mana kayan aiki.

Maganar haure

Ka gode wa abokinka, ka ce masa a'a. Tun 1989 aka hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe, kuma a Kamaru da Cadi duka riƙe shi ba bisa izini ba laifi ne mai kai mutum gidan yari. Mu mutanen Arewacin Kamaru ba labari aka ba mu ba. A farkon 2012 mafarauta ɗauke da bindigogi suka shiga gandun dajin Buba Njidda suka kashe ɗaruruwan giwaye cikin 'yan makonni. Guntun da ke yawo a hannun mutane yau, mai yiwuwa daga irin wannan ɓarna ya fito. Askar da aka yi wa jarirai askin suna da ita bai kamata a ɗaura mata wannan ba. Ta fuskar aiki ma haure ba ya son hunturunmu, yana tsagewa a wurin ƙusa, kuma bai yafe wa hannun ɗan koyo ko kuskure ɗaya.

Ƙaho, ƙashi ko itace

In askata ce, ƙaho zan sa mata. Shi ne abin da maƙeran Shefil suka fi amfani da shi kafin zuwan roba, ba ya tsoron ruwa kamar itace, yana lanƙwasa ya dawo, kuma in ya sha gogewa yana sheƙi kamar gilashi. Turawa masu wannan sana'a da kuɗi mai yawa suke sayen falle biyu, mu kuwa a kwata ake zubar da shi. Nemi ƙahon jan shanun Bororo ko na farare, masu tsawo, na babban sa, saboda kana bukatar wuri miƙaƙƙe mai tsawon santimita 16 ko fiye, ga kauri. Ƙahon gudali gajere ne, da wuya ka fitar da wannan tsawon. Na shanun Kuri na bakin Tabkin Cadi yana da girma a ido, amma kumburi ne, cikinsa sakaka, ban ba ka shawarar ka wahala a kansa ba. Ka ɗaga ƙahon a rana, ka duba ko yana da ɓawo-ɓawo da ke tashi ko tsaga mai bin tsawonsa. In akwai, ajiye ka ɗau wani.

Ƙashi yana da kyau, fari tas, ya fi kowane abu kama da hauren da abokinka ke nufi. Na ƙwaurin raƙumi ya fi na saniya tsawo da kauri, ku da ke kusa da hanyar Kusseri da Njamena ba zai yi muku wuyar samu ba. Sai dai yana bukatar a dafa shi sau da yawa a fitar da maiƙo, in ba haka ba zai riƙa tsattsafo da rawaya har abada. Kada a sa masa ruwan Javel, wato bilic ɗin wanki, don ya yi fari, yana cinye shi ya zama kamar alli. Kuma ba ya lanƙwasa sosai, yana fashewa a ƙarƙashin guduma. Bar shi sai aska ta biyar ko ta shida.

Itace shi ya fi sauƙin sassaƙa. Kirya da marke da zuciyar tsamiya duk suna da tauri da ƙaramin ido. Maɗaci yana da kyau a ƙofa da kujera, amma a kaurin milimita 3 bai da ƙarfin da nake so. Abin da ya fi nau'in itacen muhimmanci shi ne bushewarsa. Wanda aka sare bana, ka yi aiki da shi a damina, hunturu na shigowa zai ƙanƙance ya tsage daga ramin ƙusa. Ni karyayyar taɓarya nake nema a wurin mata, ko tsohuwar ƙotar gatari, abin da ya shekara goma yana shan rana da raɓa ya gama duk motsin da zai yi. A yanka shi bin tsawon jijiya, a shafe shi da mai ko banish ciki da waje, har cikin ramukan, saboda aska kullum cikin ruwa da sabulu take.

Ka fara gwadawa da itace ko da ƙaho kake nufi. Yi mariƙi guda na gwaji, hannunka ya san hanya.

Cire tsohon

Naɗe bakin askar da salatif ninki uku kafin komai. Aska ko ta yi tsatsa tana yanka har ƙashi. Sannan ka ɗora mariƙin a kan kwali ka zana siffarsa, ka sa alamar ramukan biyu, tun bai wargaje ba. Ɗauki ƙaramin magagari ka ci kan ƙusar a hankali har ya baje, ka tura ta da siririyar ƙusa ta fita. Kada ka sa injin gurza ko injin huda a kan wannan robar, zafin da tartsatsin sun isa su tayar da wuta. Kada kuma ka ɓamɓare da sukundireba, wuyan aska yana iya karyewa. Adana 'yan zobban da ke ƙarƙashin kan ƙusa, waɗanda makanikai ke ce wa wosha, wasu a nan su ce rondel. In ɗan tsakiyan na dalma ne ko ƙashi, wanke shi ka ajiye, zai koma bakin aikinsa. In na roba ɗaya ne da mariƙin, auna shi ka yar. Tsohon mariƙin ma, bayan ka ɗauki hotonsa, fitar da shi daga gidan, kada ya koma zabira don tunawa.

Ƙarfen kuma da hannu za ka goge shi, da samfefar ruwa ta masu fentin mota da ɗan mai, daga lamba 400 zuwa sama, aska a kwance a kan katako. Roƙona ɗaya: kada ka kai ta wurin masu wasa wuƙa da injin kasuwa. Bakin askar Solingen siriri ne kamar takarda, daƙiƙa biyu a kan dutsen inji sun isa ya yi shuɗi, kuma ƙarfen da ya yi shuɗi ya rasa taurinsa, ba zai sake riƙe kaifi ba.

Sarrafa ƙaho

In ƙahon ɗanye ne, dafa shi a tsohuwar tukunya a waje, ka buga shi a kan kututture, ƙashin cikin zai zame. Yanke tsinin da zarto, ka yanke gindin inda ya yi siriri, ka tsaga bututun da ya rage gida biyu bin tsawonsa. Yanzu sai miƙarwa, kuma a nan ne nake so ka saurare ni sosai. Tafasasshen ruwa yana tausasa ƙaho, amma bai isa ya mantar da shi siffarsa ba. Zai miƙe yau, bayan wata biyu ya koma yadda yake a kan sa. Zafin da ke karya masa wannan taurin kai yana wajen digiri 150 zuwa 160, shi ya sa ake amfani da mai mai zafi, ko a juya shi a saman garwashi ba tare da harshen wuta ya taɓa shi ba. Ni mai nake sa wa a tsohuwar kasko. Ina tsoma falle da awartaki na ɗan lokaci, in ɗaga in gwada, in sake tsomawa, har ya yi laushi kamar jiƙaƙƙiyar fata. In ya fara ƙuraje ko ya yi fari-fari, ya ƙone, sai dai a ɗau wani. Da ya yi laushi sai ka sa shi tsakanin faffaɗan ƙarfe biyu da ka ɗumama, ka matse iya ƙarfinka, ka bar shi ya kwana a haka. Ƙahon ya bushe sarai kafin ya shiga mai, ɗigon ruwa ɗaya yana watsa maka shi a fuska.

Bayan ya fito, kada ka taɓa shi. Ɗaure shi tsakanin katako biyu ka ajiye sati uku ko huɗu. Na koyi wannan ne da tsada. Wani dattijon wanzami ya taɓa kawo mini askar mahaifinsa a watan Agusta yana sauri, na miƙar da ƙaho da safe, na ƙusance da yamma, ya tafi yana sa mini albarka. Da sanyi ya shigo a Disamba sai ga shi ya dawo. Ɓari ɗaya ya karkace ciki, dattijon ya naɗe askar cikin duhu, bakin ya ci ƙahon ya ɓalle wajen faɗin ƙwayar gero biyu. Na yi kwana biyu ina cin ƙarfen a kan dutse kafin giɓin ya ɓace, askar ta rage faɗi, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Bai yi mini faɗa ba, amma har yau in na tuna sai in ji ba daɗi. Tun daga ranar, ƙahon da na miƙar da damina sai ya ga hunturu kafin ya hau aska.

In ya huce, rage kaurinsa da magagari da samfefa mai kaushi da ka shimfiɗa a kan gilashi, har ya kai milimita 3. Ci daga fuskokin biyu, kada ka ci daga ɗaya kawai. Ɗaura ƙyalle a hanci, ƙurar ba ta da kyau ga ƙirji. Sannan ka haɗa fallayen biyu, cikin ƙaho yana duban cikin ƙaho, yadda in sun so motsi za su ja wa juna birki. Liƙe su da ɗigon gam da takarda a tsakani don su rabu daga baya. Manna zanen kwalinka a kai, ka yanke, ka sassaƙa su a matsayin abu ɗaya, ka huda su a matsayin abu ɗaya. Ramin nan ya sauka a tsaye cak. In ya karkata ko kaɗan, askar za ta riƙa shiga a karkace tana gogar gefe, kuma babu dabarar da za ta gyara shi sarai. Huda ramin wuya tukuna, ka sa askar a kai da 'yar waya, ka juya ta ka gani: hancinta ya tsaya milimita 2 ko 3 kafin ɗan tsakiya, kaifin kuma kada ya leƙo ta ƙasa. Sai ka huda na biyun.

Zagaye gefunan waje, cikin kuwa bar shi a shafe. Bi da samfefa 240, 400, 800, 1200 da ruwa, kada ka tsallake lamba. A ƙarshe toka mai laushi da ɗigon mai a kan ƙyalle tana fito da sheƙin, man goge baki ma yana yi. Shafa masa man kaɗanya ko man jarirai ya kwana. Kada ka sa man gyaɗa, yana yin ɗoyi, yana kiran kyankyasai, ga wasu ƙananan ƙwari da ke cin ƙaho su bar shi da ramuka.

Ƙusa

Aski ya zo gaban goshi. Ƙusar aska siririn sandan tagulla ne mai kaurin milimita 1.6. Ba sai ka yi odarsa daga waje ba, masu walda da iskar gas da masu gyaran lagireto suna da sandan tagulla mai wannan kauri. Yana da ɗan tauri, saboda haka gasa shi ya yi ja ka bar shi ya huce, zai yi laushi. Kada ka sa ƙusar ƙarfe, tana tsatsa, kuma ƙarfin da za ta bukata kafin kanta ya baje zai fasa ƙahon. In tsofaffin wosha sun lalace, yanko sababbi daga fallen tagulla, ka huda kafin ka zagaye. Ana kuma sa wasu sirara biyu a ciki, tsakanin wuyan aska da ƙaho, don juyawa ta yi santsi.

Kafin ka buga komai, haɗa duka da waya ka gwada buɗewa da rufewa. In ɓarin biyu ba su buɗe ba sa'ad da ka matse su a kan ɗan tsakiya, ƙara masa gangara. Buɗewar da nake nema ita ce ta fi kaurin wuyan askar, kamar ninki biyu. In askar tana nutsewa da yawa har kaifi ya leƙo, ɗan tsakiyan ya yi kauri, rage shi.

Fara da ƙusar ɗan tsakiya. Yanke sandan yadda zai leƙo bisa wosha da kamar milimita 1 a kowane gefe, ka share kan da magagari ya yi daidai. In ka bar shi da tsawo, maimakon kan ya baje sai sandan ya tanƙware a ciki inda ba ka gani. Ɗora ɗaya kan a kan ƙarfe mai santsi, bayan guduma babba ya isa. Buga da 'yar ƙaramar guduma mai zagayayyen kai, in babu, bayan cokali mai nauyi yana yi. Ƙarfin bugun kada ya wuce wanda za ka iya jurewa a kan farcenka. Bi gefen kan ƙusar kana zagayawa, bugu goma ka juya, goma ka juya. Zai iya kai bugu ɗari biyu ko fiye, kada ka ƙosa. A ƙusar wuya, tsaya bayan kowane zagaye ka gwada. Inda ake so a kai shi ne ka buɗe askar rabi, ka riƙe mariƙin, ta tsaya ba ta faɗo da nauyinta ba, amma babban yatsa ɗaya ya iya motsa ta. In ta karkata tana neman taɓa ɓari ɗaya, 'yan bugu kaɗan a gefe guda na kan ƙusar sukan dawo da ita tsakiya. Gwada a hankali ka ga ta inda take motsawa, kuma kullum ka rufe ta da ido a kai har sai ka amince da ita.

Aski da ita

Ban ga askar ba, saboda haka ba zan iya yi maka alkawarin za ta yi aski ba. Bayan ka goge, duba bakin a rana da madubin ƙara girma. In ramukan tsatsa suna sama, kusa da baya, ado kawai suka ɓata. In sun sauko kan kaifi, sai a yi ta wasawa a kan dutse har a kai ƙarfe mai lafiya, wani lokaci a samu, wani lokaci duk inda aka kai sai wani ramin ya buɗe. In kuwa akwai tsaga a ƙarfen, ko siririya kamar gashi, ni ba na gyara wannan, kuma ban yarda a sa ta a fuska ba. Ko da haka ne ka yi mata mariƙin, ka shafa mata mai, ta zauna a gidanku.

In ta yi, to taka ce kai kaɗai. Kakanka ya yi zamaninsa da aska ɗaya a kan mutane da yawa, lokacin ba a san abin da aka sani yanzu ba. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa kwana 7 ko fiye a busasshen jini a jikin ƙarfe, kuma mariƙin ƙaho ba ya jure tafasawa, ga lungun ƙusa da ba ya wankuwa. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, yadda ake tsabtace kayan aikin jama'a su za ka tambaya. Abin da nake gaya wa wanzaman da ke zuwa zaurena shi ne su riƙe irin mai ɗaukar reza, kowane kai da sabuwarsa, tsohuwar aska kuma ta zama ta gemun mai ita.

Bayan kowane aski goge ta da busasshen ƙyalle, ka zura takarda tsakanin ɓarin biyu ta tsotse ruwan, ka bar ta a buɗe ta sha iska kafin ka naɗe. Ɗigon man keke a wuya da damina, shafin man kaɗanya a ƙahon in hunturu ya kama. In ƙusar ta yi sako-sako da sanyi, bugu biyar ko shida sun isa. Sannan ka zazzage zabirar gaba ɗaya ka duba sauran kayan, in akwai wata aska ko mataji mai irin wannan robar a ciki, ita ma a fitar da ita, fatar kuma ta sha iska a inuwa kwana biyu kafin ƙarfe ya sake shiga.